Ku Sa Wa Waƙa Shekararta Kafin a Yi Wa Mai Ita Hukunci: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Malaman Adabi da Masu Tace Diwani a Kaduna

Zuwa ga malamanmu na sassan Hausa da Larabci a manyan makarantun jihar Kaduna, da masu duba kundayen digiri, da masu tattara waƙoƙin magabata domin bugawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta almajiri ga malaminsa, da fatan Allah ya ƙara wa rayuwarku albarka, muna neman afuwa za mu ɗaga murya a gabanku kan wani abu da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Maganar ita ce yadda ake rubuta babin nan da akan sa wa suna "Aƙidar mawaƙi" ko "Jigon addini a waƙoƙin wane". Ɗalibi zai tara waƙoƙi ashirin ko talatin na mutumin da ya shekara arba'in yana rubutu, ya tsinci baiti a nan, ya tsinci ɗango a can, ya jera su kamar a zama ɗaya aka yi su, sannan ya rufe da cewa mawaƙin sufi ne, ko ɗan boko aƙida ne, ko imaninsa da sauran gyara. Ka duba babin daga farko har ƙarshe, ba ka ga shekarar ko waƙa ɗaya ba. Saurayin da ya yi waƙa yana ɗan ashirin da biyar, bai taɓa kai ɗansa makwanci ba, bai yi doguwar jinya ba, bai ga Ka'aba da idonsa ba, an haɗa bakinsa da na dattijon da ya yi wata yana da saba'in. Roƙonmu guda ne. Kada a ƙara sa hannu a irin wannan babi, kada kuma a ƙara kai diwani maɗaba'a, sai an sa wa kowace waƙa shekararta, ko aƙalla tsakanin shekarun da ta faɗo, an jera su bi da bi.

Da gangan za mu ɗauko misali daga nesa, domin in muka ambaci mawaƙin gida, kafin mu kai aya an raba mu biyu, waɗannan na ɗariƙa, waɗancan na Izala.

Muhammadu Iƙbal an haife shi a Siyalkot a 1877, ya rasu a Lahor a 1938, shekara tara kafin a kafa Pakistan. Masu karatun Larabci a nan sun san shi ta littafin Rawa'i'u Iƙbal na Abul Hasan Nadwi. A bakin yawancinmu kirarinsa ɗaya ne, mawaƙin Musulunci, sai ka ce da carbi a hannu aka haife shi. To ga yadda abin yake in an bi shekaru.

Kafin 1905 saurayi ne mai ganin Ubangiji a matsayin Kyawu da ke bayyana cikin kowane abu, a tauraro, a fure, a harshen kyandir, ra'ayin da ya yi kusa da wahdatul wujudi na sufaye. A wannan zamanin ya mayar da wata addu'ar Hindu ta rana zuwa Urdu. A 1904 ya yi wani take na kishin ƙasar Indiya da har yau ake rerawa, inda yake cewa addini bai koyar da gaba tsakanin mutane ba. A wata waƙar ta lokacin, mai kiran a gina sabon ɗakin bauta da zai haɗa kowa, har cewa ya yi kowace ƙwayar turɓayar ƙasarsa abin bauta ce a wurinsa. Daga 1905 zuwa 1908 yana Turai, tsakanin Kambirij da Landan da Munik, ya yi digirin digirgir kan tarihin falsafar Farisa. Da ya dawo sai harshe ya juya. A 1910 ya yi wani taken a kan kari da amsa-amon na farko, amma yanzu cewa yake mu Musulmi ne, duniya duka ƙasarmu ce. A wata kuma ya ce cikin sababbin gumakan zamani babu babba kamar ƙasa, rigar da take sanye da ita likkafanin addini ce. Turɓayar da ya ɗaukaka ita ce ya dawo ya kira gunki, kuma tsakanin maganganun biyu bai kai shekara goma ba.

Sai Shikwa, wato Koke, mai baiti 31, kowane da ɗango shida, wadda ya karanta a taron wata ƙungiyar Musulmi a Lahor. Ku lura, littattafai sun saɓa kan shekararta, wasu na cewa 1909, wasu 1911. In mawaƙin da ƙasa guda ta ɗauka uba yana da irin wannan tangarɗa, ina ga namu da waƙoƙinsu ke cikin gafaka? A cikin Shikwa yana magana da Ubangiji kai tsaye a madadin al'umma: mu muka ɗauki tauhidi muka kai shi ko'ina, muka yi kiran salla a majami'un Turai da hamadar Afirka, ga shi yau rahama na sauka gidajen wasu, tsawa kuwa sai a kan Musulmi. Malamai da dama suka ce wannan rashin ladabi ne ga Mahalicci. A lokacin yaƙin Balkan na 1912 zuwa 1913 ya fito da amsarta, mai baiti 36, inda magana ke zuwa daga sama: ku kuka saki hanya, sallar asuba ta yi muku nauyi, talakawa ne kaɗai ke cika sahu. Ya rufe da cewa wanda ya riƙe alkawarin Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, to duniya ma kaɗan ce a abin da za a ba shi. Waƙar da Ummu Kulsum ta rera a 1967, Hadisur Ruhi, daga fassarar Larabci ta waɗannan biyun aka tsinto ta aka haɗe, shi ya sa mai saurare ba zai gane akwai lokacin da koken ya zauna shi kaɗai ba amsa, mai shi yana shan suka.

A 1915 ya buga Asrari Khudi da Farisanci, ya juya wa ra'ayinsa na ƙuruciya baya. Yanzu a wurinsa manufar bawa ba ta narkewa cikin Ubangiji kamar ɗigon ruwa a teku ba ce. So yake bawa ya ƙarfafa kansa ta hanyar biyayya da kame kai har ya cancanci halifanci a bayan ƙasa. A bugun farko ya soki mawaƙin Farisa Hafizu na Shiraz da cewa waƙarsa na sa al'umma barci. Aka yi masa ca, ya cire baitocin a bugu na biyu. A laccocinsa kan sake gina tunanin addini a Musulunci, da aka buga a 1930, Ubangiji a wurinsa Zati ne mai rai, mai nufi, mai halitta ba yankewa, wanda ke jin addu'a. Kuma sufin nan Hallaju, da yawanci ake ɗauka a matsayin tutar narkewa cikin Ubangiji, ya dawo da shi cikin Jawid Nama ta 1932 da wata fahimta daban.

Abin da muke so malamai su riƙe a nan shi ne yadda shi kansa ya tsara diwaninsa na Urdu, Bangi Dara, a 1924. Kashi uku ya yi shi: daga farko zuwa 1905, daga 1905 zuwa 1908, daga 1908 zuwa gaba. Waƙar turɓaya na kashi na ɗaya, waƙar gunki na kashi na uku, duk cikin bango ɗaya, shekarun na rubuce a kan kowane kashi. Ga kuma abin da ke rusa lissafin masu son labari miƙaƙƙe: waƙoƙinsa na yabon Ram da Nanak, manyan Hindu da Sikh, a kashi na uku suke, tare da taken al'ummar Musulmi. Sauyin fahimta ba kamar kashe fitila yake ba. Tsohon ra'ayi kan daɗe yana hayaƙi a gefen sabo.

A ɓangaren Kirista ma haka ne, domin ajujuwanku a Kaduna sun haɗa kowa. Mawaƙin Turanci T. S. Eliot ya buga doguwar waƙarsa ta ƙasar da ta bushe a 1922, aka yi masa baftisma a cocin Ingila a 1927, ya buga waƙar Larabar Toka a 1930. A can masu ƙyamar addini ne suka riƙe na farko suka yi wa na baya kallon wanda ya lalace. Almakashin dai ɗaya ne, hannun da ke riƙe da shi ne ke sauyawa.

Mu dawo gida. Ku ɗauki mawaƙin da aka haifa wajen 1925, ya yi rayuwarsa tsakanin Zariya da Kaduna. A gabansa Failar Shehu Ibrahim Inyass ta bazu. A gabansa aka kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962. Ya saurari tafsirin Shehu Abubakar Gumi daga masallacin Sultan Bello ta Rediyon Kaduna, ya ga kafuwar Izala a Jos a 1978, da rabuwar masallatai da ta biyo baya. Zai yi wuya mutum mai tunani ya ratsa wannan guguwa bakinsa bai motsa ba, ko ta nan ko ta can. Amma idan ya rasu, wanda gafaka ta faɗa hannunsa shi ke zaɓa. Ɗan da ya bar ɗariƙa zai ɓoye waƙoƙin bege masu kamun ƙafa da shehunai, ya ce baba ya tuba daga waɗannan. Muridi kuma zai ɓoye na ƙarshen rai in sun taɓa abin da yake girmamawa, ya ce tsufa ne. Kowanne cewa yake a bar kaza cikin gashinta, kuma kowanne gani yake rufin asiri ya yi wa mamaci. Mai tace diwani da ya karɓi abin da gida ɗaya ya miƙo masa, bai nemi kwafin da ke hannun abokai da almajirai ba, rabin mutum zai buga.

Ga yadda aikin yake a aikace. Kafin a taɓa tsarin takardun da ke cikin gafaka, a ɗauki hotonsu yadda aka same su, gaba da baya, har da gefen da aka yi lissafin bashi ko aka rubuta sunan jariri, domin sau da yawa nan shekarar take. Rubutun ajami warƙa-warƙa yake, ba ɗinki, kuma abin da ke riƙe da jerinsa ita ce kalmar nan da mai kwafa ke sa wa a ƙasan shafi don nuna wadda za ta buɗe na gaba. In ɗalibi ya zazzage takardun a tabarma ya shiga jerawa da ka, sai ƙarshen wata waƙa ya manne da farkon wata mai amsa-amo iri ɗaya, a haifi waƙar da mawaƙin bai taɓa yi ba. In littafin rubutu ne na makaranta, a ɗauki bangonsa, tambarin kamfani da farashi na nuna zamani. Hoto kada ya gaza ɗigo 300 a kowane inci, in ba haka ba ɗigon da ke raba fa da ƙaf a rubutun Magribi zai ɓace. Kowane kwafi a ba shi harafinsa, a rubuta hannun wa aka same shi, da wanda ya kwafa.

Sai ramzi, inda aka fi yin tuntuɓe. Mawaƙanmu na ajami kan ɓoye shekarar Hijira cikin kalma guda a baitin rufewa, kuma da lissafin haruffa na Magribi suke yi, wanda ya saɓa da na Gabas a haruffa shida: ص da ض da س da ظ da غ da ش. A Magribi shin 1000 ce, sin 300, sad 60. A Gabas shin 300 ce, sin 60, sad 90. Teburin da ɗalibi zai fara cin karo da shi a intanet kuwa yawanci na Gabas ne. A ce ramzin ya ƙunshi shin da sin da fa. Da lissafin Magribi, 1000 da 300 da 80 sun ba da 1380. Da na Gabas, 300 da 60 da 80 sun ba da 440, sai ɗalibi ya ga shirme, ya rubuta cewa ramzin ba shi da ma'ana, ya wuce. Don mayar da Hijira zuwa Miladiyya a ninka da 0.97 a ƙara 622: 1380 za ta ba da 1960 da ɗoriya. Amma shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, yawanci tana hawa kan shekarun Miladiyya biyu. Ita 1380 ta shiga a ƙarshen Yunin 1960 ta fita a Yunin 1961, don haka 1960/61 za a rubuta, sai in waƙar ta ambaci wata. Wasula ba su da lissafi, amma haruffan ja suna da shi: alif 1, waw 6, ya 10. Mai kwafa da ya ja wasali don kari ya zauna masa a baki, ya ƙara ya guda, ya mayar da 1380 ta koma 1390. Waƙar shekarar samun mulkin kai ta tsallaka ta faɗa bayan yaƙin basasa, duk wani bayani da aka gina kan halin da mawaƙin yake ciki ya rushe. Shi ya sa ba a dogara da kwafi ɗaya. Akwai kuma tarko biyu: wani lokaci shekarar da ke ƙasan takarda ta ranar gama kwafa ce, wani lokaci kuma ramzin na wanda ya yi wa waƙar tahamisi ne, wato ya ƙara wa kowane baiti ɗangwaye ya zama mai biyar, shekaru bayan mai ita.

Waƙoƙin boko galibi ba ramzi, sai a koma ga shaidar waje. Gaskiya Ta Fi Kwabo, tun fara fitowarta a Janairun 1939, ta buga waƙoƙi masu yawa, kuma tsofaffin jaridu da rubuce-rubucen ajami na nan a Gidan Arewa da ke titin Rabah da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a cikin garin nan. Sai dai ranar jarida abu ɗaya take tabbatarwa: waƙar ba ta wuce wannan rana ba. Tana iya girmar ta da shekara goma. Haka shekarar da ke bangon littafin da aka buga a Zariya, sau da yawa ta sake bugu ce.

Cikin waƙar ma akwai sawu. Mai ƙirga fam da sule yana magana ne kafin Janairun 1973, lokacin da naira ta shigo. Jihar Arewa ta Tsakiya ta rayu daga 1967 zuwa 1976, daga nan ta zama jihar Kaduna, Katsina kuma ta fita a 1987. En'e ta kau da gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Komawa tuƙi a hannun dama 1972 ne. Amma a yi hattara, tsoho kan ci gaba da cewa sule har ya mutu, mai kwafa kuma kan sabunta kalma don yara su gane. Sabuwar kalma hujja ce mai ƙarfi in tana wurin amsa-amo, inda ba a iya canza ta ba tare da baitin ya karye ba. A tsakiyar ɗango ba ta da wannan ƙarfin.

Kaset kuwa yana nuna ranar da aka rera, wadda ba lallai ta zama ranar da aka rubuta ba. Amfaninsa babba shi ne mawaƙi kan tsallake baiti ko ya sauya kalma a gaban jama'a, kuma abin da ya tsallake a 1985 daga waƙar da ya rubuta a 1958 shaida ce da ta fi hira da shi.

Bayan wannan wahala sai a kasa waƙoƙin uku: masu tabbatacciyar shekara, masu "tsakanin kaza da kaza", da waɗanda ba a samo musu komai ba. Kashi na ukun a nazarci salonsu da zubinsu yadda ake so, amma ba su da bakin magana a batun sauyin fahimta.

Karatun kansa na da nasa ramuka. Ɗalibai sun fi ɗauko hujja daga mabuɗi da marufi, alhali nan ne wurin da ya fi ƙarancin gaya mana komai. Basmala da salati da roƙon gafara al'adar waƙa ce, mai zambon siyasa ma da su yake farawa. A tsakiyar waƙa ake neman mutum, inda yake maganar talauci, ko mutuwar yaro, ko zaluncin mai mulki, a ga wane matsayi ya ba ƙaddara, wane ya ba ƙoƙarin bawa. Abin lura a mabuɗi shi ne abin da ya ɓace ko ya shigo: wanda ya saba ambaton Shehu Abdulƙadir ko Shehu Tijjani bayan salati sai aka daina ji, ko wanda bai saba ba ya fara. Ko nan sai an duba kwafi biyu, don a tabbata ba hannun magaji ba ne. Ƙirga sunayen Ubangiji ma yana da amfani, a ga yaushe Jalla da Sarki da Ƙahharu suka yi yawa, yaushe Rahimi da Gwani suka rinjaya, amma a fitar da duk wanda ya faɗo a ƙarshen ɗango daga lissafi, domin amsa-amo ne ya kira shi. Waƙar da aka yi don gasa ko don wani biki ita ma a yi mata alama, mai ita na iya faɗin abin da masu taron ke son ji.

A kuma tambayi kowane baiti: wa ke magana? Iƙbal ya sa Lenin, jagoran 'yan gurguzun Rasha, ya yi magana a gaban Ubangiji a diwaninsa na 1935, ya sa Iblis ya yi jayayya da Jibrilu, ya kuma shirya masa majalisar shawara guda. Mawaƙan wa'azinmu ma kan ba mashayi ko Shaiɗan baki don su tona shi. Wanda ya yanko wannan ya ce ga aƙidar mawaƙi, ya bar jaki yana dukan taiki. Fassara na ƙara dagula lamarin. Kalmar khudi a tsohon amfaninta tana nufin girman kai, Iƙbal ya ɗora mata sabuwar ma'ana. Duk wanda ya fassara ta da son kai ya mayar da littafin kishiyar abin da yake faɗa. Haka koke. Akwai bambanci tsakanin kai kuka ga Allah da kai ƙarar Allah ga bayinsa, kuma malamai sun fi mu sanin cewa Annabi Yaƙubu ya ce ga Allah yake kai kukan baƙin cikinsa a aya ta 86 ta suratu Yusuf, suratul Mujadala kuma da matar da ke kai kuka ga Allah ta buɗe. Ɗalibi ya fara tantance wanne ne a gabansa kafin ya kira shi saɓo.

A ganinmu kada a yarda da da'awar sauyi sai an kawo aƙalla waƙoƙi uku masu shekara kafin lokacin da ake zato, da uku bayansa, daga kwafin da ba gida ɗaya suka fito ba. Waƙa ɗaya tana iya zama ta daren da mutum ya kwana da zazzaɓi.

Za a ce mana, to in mawaƙi da kansa ya janye waƙa fa, ba tona asiri ba ne a buga ta? Tambaya ce mai nauyi, ba ma raina ta. Abin da muke gani shi ne matanin diwani ya bi zaɓinsa na ƙarshe, wanda ya janye kuma a sa shi a rataye, da shekararsa, da bayanin cewa ya janye, da lafazin da ya yi amfani da shi in an samu shaidu biyu da suka ji daga bakinsa ba tare da ɗaya ya ji daga ɗaya ba. Haka aka yi da Iƙbal, abin da ya zubar an tattara shi daban bayan rasuwarsa, bai rage masa daraja ba. Zaurukanmu ma ba su taɓa jin tsoron wannan ba. Ana karantar da waƙoƙin jahiliyya don sanin harshe, ana karanta Banat Su'adu tare da labarin abin da Ka'abu ɗan Zuhairu ya faɗa kafin ya zo ya miƙa wuya. Ba don an san na farkon ba, da ba a gane girman mayafin da Annabi ya yafa masa ba. Ayoyin ƙarshen suratush Shu'ara ma da suka zargi mawaƙa sun bar ƙofar togiya a buɗe.

In mawaƙin na raye, lamarin ya wuce na ilmi kawai. Garin nan ya ga tarzomar da 'yan layuka a jarida suka jawo a Nuwamban 2002, kuma a lokacin ba WhatsApp ba Facebook. Yau shafi ɗaya na kundi in aka ɗauki hotonsa, kafin la'asar ya zaga Rigasa da Tudun Wada da Kawo ba tare da shafin da ke bayansa ba. Don haka a nemi izinin mai waƙa a rubuce kafin a kawo abin da bai taɓa bugawa ba. Duk baitin da ke iya tayar da ƙura a sa shekararsa a jikinsa, a layi ɗaya, tare da nuni ga inda mawaƙin ya koma kan batun daga baya, yadda ko an yanko hoto shekarar za ta biyo shi. Kalmomi irin su "ya yi ridda" ko "ya kauce hanya" kada su wuce biron mai dubawa. Aikin kundi ya ce a shekara kaza ya faɗi kaza, a shekara kaza ya faɗi kaza, ga abin da ya faru tsakani. In wani malami ya taɓa yin fatawa a kansa, a kawo ta a matsayin tarihi, da sunan mai ita da lokacinta.

Abin da muke roƙo a sa cikin ƙa'idar rubuta kundi bai fi shafi ɗaya ba: jadawali a rataye mai nuna sunan waƙa, ɗangonta na farko, yawan baitoci, kwafi nawa aka gani da inda suke, shekara, da hujjar shekarar. Mai jarrabawa na waje ya zaɓi uku daga ciki ya sa ɗalibi ya warware ramzinsu a gabansa a kan allo. Masu buga diwani su ma su sa irin wannan jadawali a ƙarshen littafi.

Sannan a gaggauta zuwa wurin tsofaffin da suka zauna da mawaƙan nan, matansu da almajiransu da masu rera musu, don kullum raguwa suke. Kada a tambaye su shekara, za su faɗi lamba don kada su ba baƙo kunya. A tambaye su ko kafin a kashe Sardauna ne ko bayan, ko malam ya riga ya sauke farali, wane yaro ake goyo a gidan, a wane gida ake haya, wa ke sarautar Zazzau. Amsar a rubuta ta yadda aka faɗe ta, a koma gida a yi lissafin.

Allah ya ƙara wa malamai lafiya da nisan kwana.

Wassalam.

Naku,
Wasu almajiran rubutacciyar waƙa,
Kaduna.